Wuta ta fito daga gandun dajin gwamnati ta cinye mana amfanin gona, wa zai biya?

ManomiBakinGandu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon masu sani su ba ni amsa tsakani da Allah. Gonakinmu a jikin gandun dajin gwamnati suke, ba abin da ya raba mu sai turakun siminti na iyaka. Makon jiya da azahar wuta ta taso daga cikin gandun, iskar hunturu na kora ta, kafin a yi kururuwa mutane su fito har ta tsallako. Dawar da na ɗaure ban kai gida ba ta tafi, dami sittin da 'yan kai, haɗe da harawar wake da na ɗora a kan bishiya. Maƙwabcina waken da bai gama roro ba ne ya ƙone. Mun fi mutum goma da abin ya shafa. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tun da ruwa ya ɗauke muka je muka roƙi a bar mu mu share ciyawar da ke bakin iyaka ta cikin gandun, ko taku ashirin ne, mu ƙone ta tun tana da sauran ɗanye. Aka ce doka ta hana, ko lauje ba a shiga da shi. Bara wani yaro ya shiga yankan shuci, aka ƙwace masa lauje da keke, sai da ubansa ya biya tara. To ga shi ciyawar da aka hana mu taɓawa ita ta ƙone mu. Idan wuta ta fito daga dajin gwamnati ta ci gonar talaka, akwai diyya? Kuma wace doka ce ta ce kada mutum ya kare abincinsa?

Ummu_Hanifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar muku da mafificin alheri, Malam.

Dan_Kasuwar_Hatsi:
Sannu da wannan rashi. Dami sittin ai abincin gida ne na wata da watanni. Allah ya kiyaye gaba.

LauyanKauye:
Malam, sannu. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba: babu diyyar da ke zuwa da kanta. Mutane na jin an ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta yi maganar diyya, amma waccan diyyar ta wanda gwamna ya karɓe wa fili ce don aikin jama'a, a biya shi kuɗin gini ko shukar da ke kai. Ba ta shafi gobara ba. Kafin ka ci kuɗi a kotu sai ka tabbatar da sakaci: inda wutar ta fara, wanda ya kunna, ko kuma cewa akwai aikin da doka ta ɗora wa masu kula da gandun suka ƙi yi. Kafin a gama shari'ar kuɗin mota kaɗai ya fi kuɗin dawar.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tallafin gaggawa. Ku rubuta sunayen waɗanda suka yi asara da abin da kowa ya rasa, ku ɗauki hotuna tun toka ba ta tashi ba, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai ƙaramar hukuma ta tura wa hukumar agajin gaggawa ta jiha. Wannan taimako ne, ba haƙƙi ba, a ba ku ko a hana ku.

Batun doka kuwa, gandun daji na jihohi ne, kowace jiha da dokarta, kuma yawancinsu 'ya'yan dokar daji ta Turawa ce ta 1937. Gandun da ke hannun tarayya su ne manyan wuraren nan irin Kamuku da Gashaka-Gumti da na Tafkin Kainji. Sannan akwai ƙa'idojin NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, na 2011 da suka ce ba a ƙona daji sai da izini. Wato ko a gonarka ce, a kan takarda, sai ka nemi izini.

Sarkin_Barkwanci:
Izinin ƙona sassabe? Lauya, idan aka bi wannan ai duk ƙauyenmu sai gidan yari, har da liman.

TsohonMalaminDaji:
Ɗana mai tambaya, na yi maka jaje. Aikin daji na yi har na ajiye, don haka bari in yi magana ta ɓangaren da ake zagi.

Abin da kuka roƙa ba sabon abu ba ne, aikinmu ne na asali. A da, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ana ɗaukar leburori daga ƙauyukan da ke kewaye da gandu, a share iyaka fes, sannan a sa wa ciyawar ciki wuta da sassafe ko da yamma liƙis, lokacin da raɓa ke sauka kuma iska ta kwanta. Wutar wannan lokaci ba ta da ƙarfi, tana bi ƙasa-ƙasa, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta da dare. Idan Janairu ta zo aka sami mai jefa guntun taba, wutar ba ta da abin ci mai yawa. Wadda ta faɗa muku ita ce ta ƙarshen rani ko tsakiyar hunturu, gamba ta bushe ƙayau ta fi mutum tsawo, ga iska. Wannan har kan bishiya take hawa.

A makarantar koyon aikin daji ta Jos an karantar da mu wani gwaji da wani Bafaranshe mai suna Aubréville ya fara a 1936 a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa. Fili uku ya ware: ɗaya ana ƙona shi da wuri kowace shekara, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya ba a bari wuta ta taɓa shi. Wanda ake ƙonawa a makare bishiyoyinsa suka yi ta raguwa ciyawa ta mamaye. Na wuri ya riƙe bishiyoyinsa. Wanda aka tsare ya zama kurmi. Sai dai tsare daji daga wuta gaba ɗaya a ƙasa irin tamu, mai wata shida ko bakwai babu ruwa, abu ne da ba ya yiwuwa sai a ɗan filin gwaji. Duk wanda ya ce zai hana wuta kwata-kwata, tara mata abinci kawai yake yi.

To me ya sa aka hana ku? Abu biyu. Na farko kuɗin share iyaka ya daɗe da ɓacewa daga kasafi, ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da dajin da ba a zagaye shi a yini, ba babur ba mai. Abin da ya rage masa na iko shi ne ya ce a'a. Na biyu, kuma kada ku ji haushina, sau da yawa idan aka bar mutane su share taku ashirin, da damina sai ka tarar an shuka gyaɗa a wurin. Baɗi turken iyaka ya yi ƙafa ya matsa ciki. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

ManomiBakinGandu:
Baba, na gode, kuma ban musa maka ba, akwai masu cin iyaka. Amma a hukunta mai ci mana. Don ana tsoron gyaɗar mutum ɗaya sai a bar dawar mutum goma ta ƙone?

Injiniya_Kd:
Ni tambayata ga mai gona: me ya hana ku share ta ɓangarenku? Gonarku ce, ba mai hana ku. A bar taku goma ba shuka, a kwashe kara, shi ke nan.

ManomiBakinGandu:
Injiniya, gonar da duka-duka ba ta kai eka uku ba, in bar taku goma a tsawonta me ya rage? Kuma mun share, ba mu zauna ba. Amma wutar gamba ba tafiya kawai take ba, tashi take. Tartsatsi ya tsallake hanyar mota a gabanmu ya faɗa kan karan dawa.

TsohonMalaminDaji:
Gaskiyarsa. Idan ciyawar ɗaya ɓangaren ta kai wannan tsawo, share naka kaɗai ba ya wadatarwa. Amma ga wata shawara da ba kowa ya sani ba. Kowane gandu da aka kafa bisa doka yana da sanarwa a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokoki da sanarwoyinta, kuma a irin wannan takarda akan jera haƙƙoƙin da aka bar wa ƙauyukan wurin: ɗiban busasshen itace, yankan ciyawar jinka, tsintar 'ya'yan itace, bin hanya zuwa ruwa. Ku sa wani mai ilimi cikinku ya nemo ta gandunku a ma'aikata ko a gidan ajiye tsofaffin takardu na Kaduna. Ba mamaki yaron da aka karɓe wa lauje haƙƙin kakansa yake yanka.

LauyanKauye:
Wannan magana ta Baba ta fi duk abin da na rubuta a sama amfani. A nemo gazet ɗin.

Matashi_Mai_Zafi:
Ana ta kewaye-kewaye. Kowa ya san masu sa wa daji wuta. Makiyaya ne, don sabuwar ciyawa ta tsiro wa shanunsu.

Jauro_Na_Ruga:
Yaro, yi a hankali da "kowa ya san". Ni makiyayi ne ɗan makiyayi. Busasshiyar ciyawar nan da ta ƙone ita ce abincin shanuna daga yanzu har faɗuwar ruwa. Yau da ta zama toka, ko in sayi dusa da ƙuli a farashin da ka sani, ko in kora su kudu in shiga wata rigimar. Wane mai hankali ne zai ƙona rumbunsa?

Ban ce ba a yi ba. A ƙasar da ke da laima, can wajen Neja da Kwara da Taraba, ko a fadama, akwai masu ƙonawa don toho ya fito, kuma yana fitowa. A tudun arewa mai yashi idan ka ƙona a Janairu ba abin da zai tsiro sai ƙura. Mu ma abin da ya sami Malam shi ke samunmu: da ana barin shanu su shiga gandun nan bayan damina bisa tsari, da sun rage ciyawar ta yadda wuta ba za ta yi wannan tsawo ba. An hana lauje, an hana saniya, an hana wutar wuri. To wa aka bar wa ciyawar?

Hajiya_Mai_Kadanya:
An bar wa masu farautar gafiya, Jauro. Ni a garinmu yawancin gobarar da na sani samari ne da karnuka, su sa wa rami hayaƙi, gafiya ta fito su bi ta, su bar wutar a baya. Sai masu cire zuma da dare da bakin wuta.

Sarkin_Barkwanci:
A ƙona dawar shekara saboda naman da bai cika tukunyar miya ba. Kai, jama'a.

Matashi_Mai_Zafi:
Jauro, burtali fa? Ku ne kuke bi ta gonaki.

Jauro_Na_Ruga:
Nuna mini burtalin in bi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, ana ta ambaton wuraren kiwo 415 a ƙasar nan, je ka duba nawa ne ba a nome ko an gine ba. Amma wannan wata muhawarar ce, kada mu ƙwace wa Malam zancensa.

Hajiya_Mai_Kadanya:
Bari in ƙara wani abu da maza ba sa lissafawa. Idan aka ce gobara, dami da buhu ake ƙirgawa. Mu mata asararmu sai nan gaba za ta bayyana. Kaɗanya da ɗorawa a cikin rani suke fure, wutar da ta zo a makare takan babbake furen, da damina ka je tsinta ka dawo da kwando rabi. Man kaɗe da daddawa su ne kuɗin makarantar yara a gidaje da yawa. Ga shuci da gamba na zana da jinka, bana sai an sayo daga nesa. Kuma idan za a zauna da hakimi a kan maganar daji ba a kiran mace ko ɗaya, alhali mu muka fi kowa sanin inda ciyawa ta yi kauri, don kullum muna ciki a ɓoye muna tsoron a kama mu.

Ummu_Hanifa:
Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. A ɓoye, kamar masu sata.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma mun sha wannan. Dattawanmu na ba da labarin lokacin da bishiyar da ke cikin gonarka ba taka ba ce, ta gwamnati ce, in ka sare reshen gawo ma'aikatan daji su ci ka tara. Sakamakon haka sai manomi ya riƙa kashe duk ɗan tsiron da ya gani tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa hukuma cikin gona. Dokar da aka yi don tsare itace ita ta ƙarar da shi.

Daga shekarun 1980 abin ya fara juyawa da sassabin zamani, wato maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su tashi. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa shi a nan jihar Maradi. Amma abin da ya sa ya kama shi ne da mutane suka ga an sassauta, wanda ya rena bishiya shi zai more ta. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200 tsakanin Maradi da Damagaram. Ba a kawo soja ya tsare su ba. Haka a dajin Baban Rafi, wajen Madarunfa, aka kafa kasuwannin itace na karkara, mutanen ƙauye ke sara bisa ƙa'ida kuma wani kaso na harajin ya zauna a wurinsu. Ban ce babu matsala ba, akwai ta, har da ta tsaro yanzu. Amma wanda ke ci daga daji, in ya hango hayaƙi da gudu yake zuwa.

Abzinawa_Tahoua:
Ɗan Maradi ya yi maganar gona, ni bari in yi ta makiyaya. A wajenmu, Abalak da Cintabaraden har zuwa Bermo, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar tsoro, don ciyawa ta yi yawa. Da an shiga Oktoba ake fara share hanyoyin tare wuta, faɗin mita 15 zuwa 20, tsawon kilomita da yawa, ana biyan mutanen wurin kuɗin aiki. Ciyawar da aka kwashe ba a zubarwa, ana tarawa. Matsalarmu kullum ita ce kuɗin aikin ya iso a makare, bayan wutar farko ta riga ta wuce.

TsohonMalaminDaji:
To kun ji. Abin da muke yi ke nan a da kafin a bar shi ya mutu.

Injiniya_Kd:
Ɗan Maradi, ina jin daɗin labarin, amma gona daban gandu daban. Idan aka buɗe gandun daji aka ce na kowa ne, shekara biyar ba za ka ga ƙirya ko marke a tsaye ba, duk sun zama gawayi. Ku dubi tirelolin da ke fita da buhunan gawayi. Dokar da muke zagi ita ce ta sa har yanzu akwai sauran abin da zai ƙone.

Hajiya_Mai_Kadanya:
Injiniya, tirelar gawayi ta gaban wa take wucewa? Mai lauje ake kamawa, mai tirela ɗaga masa hannu ake yi.

Matashi_Mai_Zafi:
Kuma a bar batun manya da ake yanka wa ɗaruruwan hekta a cikin gandun su sa tarakta. Su doka ba ta gan su ba.

Zongo_Tamale:
Salamu alaikum daga Gana. Iyayenmu har gobe suna maganar 1983. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, kuma a shekarar ce aka koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Najeriya suka dawo gida ba abinci. Bayan nan gwamnatin Rawlings ta yi doka mai tsanani a kan ƙona daji, aka sake ta a 1990, aka kuma kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka. Inda sarki ya tsaya kuma 'yan sa-kai na da takalmi da adda, abin na aiki. Amma hanin bai hana arewacin Gana ƙonewa duk rani ba. Mutane sun koma sa wuta a ɓoye su gudu, wadda ta fi ta da muni, don ta da ana tsaye a kanta.

Wani abin da za ku iya dubawa shi ne tsarin taungya: a ba manoma wani yanki na gandun da ya lalace su yi noma a tsakanin dashen itatuwa suna kula da su. Nan Gana an gyara shi a 2002 yadda manomi ke da kaso a kuɗin katakon idan an sare. Mai rogo a cikin gandu ba ya barin wuta ta shiga.

TsohonMalaminDaji:
Taungya mun yi ta a Najeriya, tun zamanin Turawa aka fara ta a kudu. Inda ta lalace shi ne manomi ya gane cewa ranar da bishiya ta yi inuwa za a ce ya tashi, sai dashen ya riƙa mutuwa ba a san dalili ba. Kason da Gana ta sa shi ne maganin wannan.

Dalibi_a_Ostareliya:
Ina karatu a nan, kuma abin mamaki rigimar iri ɗaya ce. Gobarar 2019 zuwa 2020 ta ci fiye da hekta miliyan 24, mutum 33 suka mutu a cikinta, gidaje sama da 3,000 suka ƙone. Manoman da ke maƙwabtaka da dazuzzukan gwamnati suka yi ta cewa an bar ciyawa da busassun itace sun taru, an hana kiwo, an hana su share bakin shinge. Kwamitin binciken da aka kafa ya ce rage ciyawa tun da wuri na taimakawa, amma ranar da zafi da iska suka kai maƙura ba ya tsayar da wuta. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Daga baya jihar New South Wales ta yarda manomi ya share har mita 25 a bin iyakarsa, amma ta cikin filinsa, ba ta cikin na gwamnati ba.

A arewacin ƙasar kuwa, inda yanayin ya yi kama da namu, an koma wa 'yan asalin ƙasar, waɗanda dama can da wuri suke ƙonawa, yanzu har biyansu ake yi su yi. Kuma gambar nan tamu da aka kai musu don kiwo ta zame musu annoba, wutarta na kashe musu bishiyoyi.

Sarkin_Barkwanci:
A turo mana kuɗin jirgi mu zo da lauje, mu yi musu zana da ita.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya mayar da alheri. Abu biyu ta fuskar shari'a. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta tsallaka ta ci dukiyar wani, zai biya. Don haka idan an san wanda ya kunna, mafarauci ne ko manomi ko makiyayi, a kai shi gaban alƙali, kada a ce ƙaddara ce a rufe. Ƙaddara ba ta kore lamuni.

Na biyu, keɓe daji don amfanin jama'a yana da asali, shi ne hurumi. Sayyidina Umar ya keɓe wurin kiwo saboda dabbobin baitulmali, amma ya umarci mai tsaron wurin da ya tausasa wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya ce masu manyan garkuna idan dabbobinsu suka halaka suna da gonakin da za su koma wa, shi kuwa talaka wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Ku auna wannan da abin da Hajiya ta faɗa a kan lauje da tirela.

Bakatsine_02:
Duk kuna magana kamar ana iya shiga dajin. A wajenmu wane malamin daji ne zai taka dajin Rugu ya ce zai share iyaka? Mutanen gari da kansu suke sa wa ciyawar bakin gari wuta don su riƙa hango mai zuwa. Ka hana su ka ce doka? An ce a 2025 shugaban ƙasa ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji, to su bindiga za su riƙe, ba manjagara ba.

Matashi_Mai_Zafi:
Ai shi ya sa na ce a raba gandun nan kowa ya noma, a huta. Dajin da ba ya amfanar kowa sai ɓarayi.

Jauro_Na_Ruga:
A raba a noma, mu kuma mu yi kiwo a saman rufin gidanku.

Dan_Maradi:
Matashi, mu da muka ga ƙasa ba itace mun san abin da iska ke yi wa shuka. Kada ku yi fatan haka.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar tsaro tana da nata wurin. Kuma a daina jifan ƙabila, na goge saƙo biyu.

Dan_Kasuwar_Hatsi:
Ba wanda ya ambaci inshora. Akwai ta gwamnati ta manoma, NAIC, kuma gobara na cikin abin da take ɗauka. Sai dai tun kafin shuka ake shiga, ba bayan ta faru ba. Ga kuma shawara ta ɗan kasuwa: a daina barin dami a gona har Disamba. Na san kuɗin amalanke da na sussuka ne ke sa a jinkirta, amma ko bashi ne a ci a kwaso.

ManomiBakinGandu:
Alhaji, amalanke biyu ne a unguwarmu, layi ake bi, nawa layin saura kwana kaɗan ne. Amma na ji.

Ga inda muka kwana. Mun kai wa dagaci sunaye da hotuna kamar yadda Lauya ya ce, ya kai mu wurin hakimi. An kira ma'aikacin gandun, ya ce shi ba shi da ikon ba da izinin taɓa ko tsinke, sai daga hedikwata, kuma ya rubuta musu tun kafin kaka ba a amsa ba. Na ga takardar da idona, don haka na rage jin haushinsa. Hakimi ya ce a rubuta takarda ɗaya da sunan ƙauyuka huɗun da ke jikin gandun, a nemi a bar mu mu share iyaka duk Oktoba a gaban ma'aikaci, da sharaɗin duk wanda ya shuka ko ƙwaya ɗaya a wurin a karɓe. Wasu cikinmu sun ce ɓata tawada ne, baɗi su dai da dare za su sa wutarsu da wuri, kowa ya yi ta kansa.

TsohonMalaminDaji:
Kada su yi ta da dare a ɓoye, ɗana. Wutar wuri ma aiki ce ta mutane da yawa: a share layi tukuna, a kunna daga bakin layin tana fuskantar iska, ba iska na kora ta ba, mutane na tsaye da ɗanyen ganye. Mutum biyu a duhu suna tsoron a gan su, su ne za su ƙona gonar da ba a girbe ba, a dawo nan ana neman wanda zai biya. Ku sa Jauro na wajenku da matan da ke yankan shuci a cikin masu sa hannu. Takardar da ta fito daga manoma kaɗai, gani za a yi kamar neman gona ne.

Injiniya_Kd:
Ni har yanzu ban gamsu ba cewa ba za a shuka gyaɗar ba. Amma a gwada a gandu ɗaya mu gani.

LauyanKauye:
Malam, kafin ku kai, turo mini hoton takardar ta akwatin sirri in duba lafazinta. Kada ku rubuta "muna neman fili", ku rubuta "muna neman yin aikin share iyaka kyauta a ƙarƙashin kulawar ma'aikata". Kuma ku yi kwafi uku, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe.

Jauro_Na_Ruga:
Abzinawa, ciyawar da kuka ce ana tarawa in an share hanyar wuta, ta wanda ya share ce ko ta hukuma? In ana sayarwa, nawa ake sa amalanke a wajenku bana?